Wayar Wuta a Kan Motar Ɗantala

Da Sadiqa ta san Malam Ɗantsoho zai shigo wannan motar, da ko a kan buhunan gawayi ne a bayan akori-kura ta hau ta koma Rano. Amma ta riga ta zauna, ta gyara mayafi, ta ɗora jaka a cinya, sai ga shi ya ɓullo ta bayan rumfar mai shayi a tashar Kibiya, da rawaninsa da butarsa, 'yan kamasho suna ta zubewa suna kwasar gaisuwa. Surukinta ne, mahaifin mijinta Zakiyyu. Ta'aziyya ya je Fammar, shi ma gida ya nufa.

Tun da aka kawo ta gidan, abin da ke tsakaninta da Malam bai wuce gaisuwa daga nesa ba, a durƙushe, kai a ƙasa. Ko gyaɗa ba ta taɓa ci a gabansa ba. In yana zaure yana ba manyan ɗalibansa karatu, ta gwammace ta fasa unguwar da ta ratsa ta gabansa. Shi ma haka yake nasa. In yana da magana da ita, wanda ke kusa yake faɗa wa, ko da kuwa tana tsaye tana ji.

Ta yi wuf za ta fita ta jira wata motar. Malam ya zauna a gaba, ya tattare babbar rigarsa, bai waiwayo ba ya ce da direba, "Ɗantala, ce mata ta yi zamanta. Ba ta ga gabas ba ne?"

Gabas kuwa ta yi baƙi ƙirin. Dole ta koma ta zauna.

Motar Ɗantala irin wadda ta ga jiya ta ga yau ce. Gilashin gefen Malam ya maƙale a rabi tun bara, ba ya hawa ba ya sauka. A baya akwai wata dattijuwa, Dije, mai sayar da busasshen barkono, buhunanta sun cinye rabin kujera, don haka Sadiqa ta matse daidai bayan Malam, gwiwoyinta na dungurin kujerarsa. Ga barkono na shiga hanci, ga atishawa ba dama. Sai ta sunkuyar da kai ta ƙura wa awarwaron hannunta ido, ta kama lissafi a zuci don ta manta inda take.

Malamar fiziks ce a makarantar 'yan mata a Kibiya, Asabar da Lahadi kuma tana shiga Kano ƙaro karatu. Abin da ya sha mata kai a kwanakin nan shi ne lissafin ƙarfin lantarki idan caji ya bazu a jikin abu gaba ɗaya, ba a ɗigo ɗaya ba. Dabarar ba ta da yawa, sai dai cin rai. Za ka yanka abin gutsi-gutsi a zuciyarka har kowane gutsure ya koma kamar ƙwayar gero, ka lissafa yadda kowace ƙwaya ke turi da inda turin ya dosa, sannan ka tara duka. In zobe ne kamar awarwaron nan, kai kuma kana tsakiyarsa, kowace ƙwaya tana da 'yar'uwa a ɗaya gefen mai turowa daidai ƙarfinta, sai su kashe juna. In kuwa ƙwallon ƙarfe ne mai rami a ciki, cajin duk a bayansa yake taruwa, cikin kuma babu komai, ko ta ina ka tsaya. Ranar da ta fara yin wannan lissafin har haushi ta ji, a ce mutum ya cika shafi da rubutu amsa ta fito sifili.

Sun wuce wani ɗan ƙauye na bakin titi kenan, duwatsun Rano sun fara leƙowa, iska ta taso. Irin ta farkon damina ce, mai kwashe rufin kwano ta kai gonar maƙwabci. Ruwa ya biyo ta a guje. Ɗantala ya rage gudu, ya manna fuska a gilashi yana gogewa da hularsa. Sadiqa ce ta fara ganin falwayar, turken wayar wuta na bakin titi. Tana gefen hagu, ta sunkuyo a hankali kamar tsohuwa za ta ɗauki tsintsiya, sai gindinta ya karye. Waya ɗaya ta tsinke ta fyaɗo kan rufin motar da wata irin ƙara, ta zamo ta kan gilashin gaba, bakinta ya faɗa cikin wani kududdufi da ruwa ya tara a kan titi, gaba kaɗan da motar. Ɗantala ya danna birki, injin ya mutu.

Kowa ya ɗauki salati. Dije ta yi ta maimaita innalillahi har muryarta ta dishe. Da suka ga ba wanda ya ji ciwo, Ɗantala ya sauke ajiyar zuciya, ya mayar da hularsa, ya kai hannu ƙofa.

"Bari in janye ta mu wuce."

"Kar ka fita!"

Ita kanta Sadiqa sai da ta tsorata da muryarta. Ba ta taɓa ɗaga murya haka a inda Malam yake ba.

Ɗantala ya juyo yana dariya. "Haba Malama, wace wuta? Yaushe rabon da a ga wuta a layin nan? Ni fa firjin gidana yanzu kayan sawar yara ake ajiyewa a ciki."

Kuma da gaskiyarsa, abin haushin kenan. Mutanen yankin sun daɗe da daina tsoron wayar lantarki, saboda an yi musu rowar wuta har sun ɗauki wayar igiyar shanya. Sun manta mai kunnawa yana can zaune a wani ɗaki mai nisa, bai san akwai wata mota a hanyar Kibiya ba.

"Ko babu yanzu, mai kawo ta ba ya sallama," in ji Sadiqa, ta yi ƙasa da murya. "Muddin muna ciki, mu da motar abu ɗaya ne. Wanda ya sa ƙafa a ƙasa jikinsa na taɓa mota, shi ya zama hanyar da za ta bi ta sauka."

Dije ta dafe ƙirji. "To 'yar nan, ba a cikin ƙarfen muke ba? Ai mu ne a tukunya!"

"A'a Iya, bayan ƙarfen take bi. Ciki ya fi ko'ina lafiya. Ki dai sa hannuwanki a cinya, kar ki jingina da ƙofa."

Ta faɗa kamar mai tabbaci, amma a ranta tana da shakka. Ƙwallon da ke littafi ba shi da taga, ba shi da tsatsa, cajinsa kuma a kwance yake lumui. Wannan kuwa motar Ɗantala ce, da ɓuli a ƙasanta har kana hango kwalta, wutar waya kuma ba mai zama wuri ɗaya ba ce. Sifilin nan nata ba lalle ya fito cif a nan ba. Abu ɗaya ne ba ta shakka a kansa, kada wani ya haɗa motar da ƙasa da jikinsa.

Malam dai carbinsa kawai yake ja. Suka zauna. Ruwan ya tsagaita ya koma yayyafi, rana ta leƙo ta ƙarƙashin gajimare a yamma, ta yi jawur. Waya na nan kwance a kan gilashi, ko motsi. Har wata kurciya ta zo ta sauka a kanta, can wajen falwaya ta baya, tana karkaɗe fiffike.

Malam ya dubi ranar, ya dubi kurciyar. Ya bar La'asar ne da niyyar ya same ta a masallacin ƙofar gidansa, ga shi lokaci na neman ƙwacewa.

"Ɗantala, kira yaron nan ya zo da babur ya ɗauke ni. Kafin ya iso zan sauka in ba da farali."

Ɗantala ya kira Zakiyyu, ya ce masa falwaya ta faɗo musu a kan mota gaba da ƙauyen nan, Malam na ciki, Malama ma na ciki, amma kowa lafiya. Sadiqa ta so ta karɓi wayar, kunya ta hana ta yin magana da mijinta a kunnen mahaifinsa. Kafin ta gama shawara ya kashe.

Ta ce, "Ɗantala, don Allah ka ce wa Baba ya yi haƙuri ya ɗan jira."

"Ce mata na ji," in ji Malam. "Ga kurciya can a kai, ba abin da ya same ta."

"Ka ce masa kurciyar ba ta taɓa ƙasa ba ne. Mu ma kamar ita muke yanzu."

Ɗantala ya dubi wannan, ya dubi wancan, ya rasa wanda zai isar wa saƙo tunda kowa ya ji. Ya sosa ƙeya ya ce, "Allah gafarta Malam, ko dai a ɗan saurara ɗin?"

"Rai a hannun Allah yake. Ba zan zauna ina kallon rana ta faɗi a kaina saboda igiyar da ba komai a cikinta ba."

Ba faɗa ya yi ba. Malam ba ya faɗa, shi ya sa ba a iya musu da shi. Ya sa carbi a aljihu, ya ɗauki buta, ya murɗa ƙofa ya tura. Ya tattare rigarsa, ya fitar da ƙafar dama. Sadiqa na kallon takalminsa na fata yana sauka zuwa jiƙaƙƙiyar ƙasa, hannunsa na hagu riƙe da ƙarfen ƙofa.

Ba ta san lokacin da ta miƙa hannu biyu ta kan kujera ba. Ta damƙi wuyan babbar rigar ta fizgo da iya ƙarfinta.

"Baba, kar ka sauka! Wallahi ba za ka sauka ba!"

Malam ya faɗo baya cikin kujera, rigar ta shaƙe shi har ya yi tari. Kansa ya bugi saman ƙofa, rawanin da hular suka tuɓe suka faɗa waje cikin taɓo. Ga kan Malam Ɗantsoho a buɗe, fari fat da furfura, a gaban matar ɗansa, hannunta kuma na wuyansa, ta kuma rantse a kansa kamar wani ɗan aji ɗaya.

Dije ta rufe baki da gefen zane. Ɗantala ya kawar da kai yana kallon gona.

"Sake ni," in ji Malam a hankali.

Wannan ce magana ta farko da ya taɓa yi mata kai tsaye. Ta saki. Ya mayar da ƙafarsa ciki, ya jawo ƙofar, ya zauna yana kallon gaba. Wuyansa kawai take gani, jijiya ta tashi a jiki. Ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige, hawaye suka cika mata ido, ta haɗiye su.

Mutanen ƙauyen da suka baro a baya kuwa sun taho gudunmawa, kamar yadda aka saba, kowa da abin da hannunsa ya kai, mai fartanya da mai gatari. Wani dogo da suke kira Dalhatu ya taho da doguwar gora jiƙe sharkaf, wai zai ɗage wayar da ita. Sadiqa ta riga ta zubar da kunyar, saura me? Ta kai baki wajen gilashin da ya maƙale ta ce su tsaya can nesa, kar wanda ya matso, kar a taɓa wayar da komai.

"Babu wuta, Hajiya!" in ji Dalhatu. "Mu da muke garin ba mu sani ba?"

Suka yi dariya. Amma da suka hango wanda ke gaba, suka ga kansa ba hula, ga rawani a taɓo, sai dariyar ta ɗauke, suka tsaya cirko-cirko suna raɗe-raɗe. Wasu cikinsu sun yi karatu a zaurensa. Ganin bai ce su matso ba, ba su matso ba.

Nan fa zaman ya yi wa Sadiqa tsawo. Waya shiru, mota shiru, sai ɗigar ruwa daga rufi. Ta san labarin nan zai riga ta isa Rano. Za a ce matar Zakiyyu mai boko ta shaƙe Malam a bainar jama'a, ta tuɓe masa rawani, ta hana shi salla, a kan wayar da ko tsuntsu ba ta kashe ba. Da wane ido za ta shiga gidan? Me za ta ce wa uwar mijinta? Can cikin ranta ta ji wata murya na cewa, Allah Ka sa a kawo wutar nan su gani. Ta zabura ta yi istigifari, ta sake yi, don tsoron abin da ta roƙa.

Sai aka ji ihu daga cikin ƙauyen. Ba na tashin hankali ba ne, na murna ne, yara suna tsalle suna shelar an kawo wuta, an kawo wuta.

Bakin wayar da ke cikin kududdufi ya yi wani irin cuuu kamar an tsoma ɗanyen nama a tafasasshen mai. Tartsatsi shuɗi ya tashi, ruwan ya hau tururi. Rufin motar ya ɗauki gurnani, mara ƙarfi, amma har cikin haƙora ake jin sa. Dalhatu ya yar da gorarsa, jama'a suka watse baya suna salati. Warin ƙonannen roba ya fara shigowa.

Dije ta ƙanƙame Sadiqa. Ɗantala ya ɗaga hannuwa sama daga kan sitiyari, idanu waje, ba sauran zancen firji.

"Malama, yaya za mu yi? Malama!"

"Hannu a cinya. Kar wanda ya taɓa ƙarfe. Muna nan lafiya, ba ka ji ba? Ba abin da ya same mu."

Da ta faɗa sai ta lura gaskiya ne. Wuta na bin bayan motar, su huɗu suna ciki suna numfashi. Ta ɗaga murya ta ce da Dalhatu ya nemi lambar wani ma'aikacin wuta a kira a ce su kashe layin, rayuka ne a kai. Aka shiga lalube a wayoyin hannu, wannan ya ce ƙanin matarsa ya san wani, wancan ya ce ba shi da kati. Tayar gaba ta dama ta fara hayaƙi, siriri, yayyafi na danne shi. In ta kama da wuta, ba makawa sai sun fita, kuma fitar guda ɗaya ce, mutum ya yi tsalle ya dira da ƙafa biyu a haɗe ba tare da ya taɓa motar ba. Ta tuna yadda Malam ke dafa bango kafin ya miƙe daga buzu, ta kawar da tunanin.

Sai kuma ta tuna abin da ya fi wannan. Zakiyyu na hanya.

Ta zaro wayarta ta kira. Tana ta ƙara ba a ɗauka. Yana kan babur, wayar na aljihu, iska na kaɗa masa kunne. Ta sake kira. Ta san mijinta, mutum ne da ƙafarsa ke riga kansa yanke shawara. Ranar da gobara ta kama ɗakin girkin maƙwabta, ta katanga ya dira ba ko takalmi. Kuma ta gaba zai ɓullo, ta wajen Rano, inda babu kowa da zai tare shi, inda bakin wayar yake. Jama'a duk suna baya, ba mai iya ratsawa.

Lissafin ya zo mata da kansa, ba ta neme shi ba. Wutar da ke shiga ƙasa ta kududdufin nan bazuwa take yi ta ko'ina, zobe bayan zobe, na kusa ya fi ƙarfi, na bayansa ya ragu, na bayan wancan ya ƙara raguwa. Wanda ƙafafunsa ke haɗe a zobe ɗaya yake tsaye. Wanda ya buɗe taku ya sa ƙafa ɗaya a wannan zoben ɗaya a wancan, bambancin da ke tsakani ta cikin jikinsa zai bi. Duk wanda ya fi faɗin taku ya fi shiga haɗari, ba kuwa mai faɗin taku kamar mai gudu.

Malam bai san abin da take ciki ba. Ya sake duban rana, saura ƙiris ta taɓa kan duwatsu.

"Lalura ce," ya faɗa, ba da kowa yake ba.

Alwalarsa ta Fammar na nan. Ya gyara zama, ya ɗaga hannuwa ya yi kabbara a zaune, kai ba hula, gurnanin wuta na bisa kansa. Motar ta yi tsit. Ya yi ruku'u da sunkuyar da kai, ya ɗago, ya ƙara sunkuyawa. Sadiqa na ta danna kira, idonta na kan titi.

Yana raka'a ta biyu babur ya ɓullo daga kwana.

Zakiyyu ya hango hayaƙi, ya hango tartsatsi, ya hango farin kan mahaifinsa a sunkuye a bayan gilashi ba ya motsi. Bai ko kafe babur ɗin ba, ya sake shi ya faɗi, ya zubar da takalma ya taho a guje.

"Baban Humaira! Tsaya! Kar ka zo!"

Sadiqa ta yi wa mijinta ihun har maƙogwaronta ya yi zafi. Dije ta taya ta, mutanen baya suka ɗauka gaba ɗaya suna ɗaga hannuwa. Ɗantala ya manta da dokar hannu a cinya ya danne hon. Wannan ya ƙara lalata al'amarin. Abin da Zakiyyu ya ji shi ne matarsa na kururuwa, jama'a na kururuwa, mota na kuka, sai ya ƙara mai. Ya wuce inda kwalta ta bushe, ya shigo inda ruwa ya kwanta, ƙafafunsa na fantsama shi.

Malam ya ɗago daga sujadarsa ta ishara, idonsa ya sauka a kan titi. Bai yi sallama ba. Ya kai bakinsa wajen rabin gilashin nan, ya saki muryar da yake tafsiri da ita ba lasifika.

"Zakiyyu! Tsaya nan!"

Zakiyyu ya tsaya cak, har yana neman kifawa.

Ɗan fari ne. Malam da kansa ya zaɓi sunan, ya raɗa wa liman ranar suna, daga nan bai sake furta shi ba. Yaron nan, wancan, kai, da su aka yi ta fama har yaron ya yi gemu ya haifi 'ya. Duk Rano, ban da limamin nan, ba wanda ya taɓa jin sunan a bakin Malam, balle mai sunan. Ɗantala ya saki hon. Ihun jama'a ya mutu.

Zakiyyu na tsaye cikin ruwa iya tafin ƙafa, baki buɗe, yana kallon gilashin. Tsakaninsa da kududdufin bai fi tsawon motar ba.

"Faɗa masa," in ji Malam. Muryarsa ta koma ƙasa. "Faɗa masa yadda zai yi."

Sadiqa ta matso da bakinta kusa da kafaɗar surukinta.

"Haɗe ƙafafunka! Haɗe su sosai! Kana jin wani abu a ƙafarka?"

"Kamar ana tsira min allura!"

"Kar ka ɗaga ƙafa. Ja da baya kaɗan-kaɗan, kana jan su a ƙasa, kar su rabu. Kar ka juya, kar ka dafa ƙasa ko za ka faɗi."

Ya fara ja. Ƙaton mutum, mai ɗaukar buhun masara shi kaɗai, yana jan ƙafa kamar mai koyon tafiya, idonsa bai bar fuskar mahaifinsa ba. Ba mai magana sai ita. Kaɗan-kaɗan, take cewa, haka, ci gaba, kar ka yi sauri. Sai da ya kai inda babur ɗinsa ke kwance, ya ce allurar ta daina, ta ce ya ƙara, ya ƙara, sannan ta bar shi ya tsaya. Ta koma cikin kujera ta zauna.

Malam ya ɗaga hannuwa ya sake kabbara daga farko.

Gab da magariba gurnanin ya ɗauke. Ɗantala ya kai hannu ƙofa, ya tuna, ya janye da kansa. Suka jira har ma'aikatan wuta suka iso a wata farar mota, suka gwada wayar da sandarsu, suka ɗaure ta da ƙasa, suka ce a fito. Dije ta fito tana kuka tana sa wa kowa albarka, har da Dalhatu mai gora. Jama'a suka yanyame Malam, wani ya ba shi hularsa, aka shimfiɗa masa tabarma a gefen titi don Magariba. Zakiyyu ya je ya durƙusa a gabansa. Malam ya amsa gaisuwar yana kallon wani wuri, kamar kullum, ya ce a tayar da iƙama.

Sadiqa ta koma gefe, bayan wata bishiyar darbejiya, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Zakiyyu ya zo wucewa zai shiga sahu, ya tsaya kusa da ita, ƙafafunsa duk taɓo. Ta ɗauka zancen rawanin zai yi, don ta ga Dije na ba shi labari da hannu da ƙafa. Ta shirya ba da haƙuri.

Da ya buɗe baki, ba zancen rawanin ya yi ba.

"Ke ma kin ji, ko? Ba kunnena ba ne?"

"Na ji."

Ya gyaɗa kai. Ya sa bayan hannu ya goge ido, ya sake gogewa, abin ya ƙi tsayawa.

"Ashe haka yake faɗarsa," in ji shi.